Fuskar Kawu Gwangwani

Ƙanin mahaifiyata ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana faɗa da hankaki, kuma a kan haka ake biyansa albashi. A wani otal yake aiki, irin mai lambu a baya, inda ake jera tebura a ƙarƙashin bishiyoyi baƙi su karya kumallo suna shan iska. Wanda ya tsara lambun bai yi shawara da hankaki ba. Da an ajiye faranti, baƙo ya juya zai ɗauki jarida, kafin ya waiwayo ƙwai ya tafi, burodi ya bi bayansa. Shi ya sa aka ɗauki Kawu tun yana saurayi, aka ba shi farar riga da hula, aka ce aikinsa ɗaya ne: kada baƙin tsuntsu ya sauka a tebur.

Shi ya ƙirƙiro kayan aikinsa. Ya tara gwangwanayen madara daga kicin, ya huda su, ya zuba tsakuwa a ciki, ya jera su a doguwar igiya daga wannan bishiya zuwa waccan. In ya fizgi igiyar sai lambun ya ɗauki ƙara kamar motar kwanuka ta kife. Daga nan sunan ya samo asali. Ma'aikata suka fara ce masa Gwangwani, unguwa ta karɓa, har mu 'ya'yan yayyensa muka tashi muna ce masa Kawu Gwangwani ba tare da mun san zolaya ce ba. Yana kuma da danƙon harbi, amma manaja ya hana shi sa dutse tun ranar da ya fasa butar shayin wata baƙuwa. Sai dai ya ja danƙon a banza ya saki. Hankakin suka yi wata guda suna tsoron abin, daga baya suka gane, suka koma kallonsa kawai suna karkata kai.

Kawu bai taɓa yarda cewa tsuntsaye yake kora ba. A wurinsa ƙungiya ce mai shugabanni. Yakan ce suna turo ɗaya ya sauka a teburin farko don ya ja hankalinsa, sauran su zagaya ta baya su kwashe bota. Sun san lokacin da yake zagayawa bayan gida. Sun san kekensa, don ba su taɓa yi wa keken wani kashi ba sai nasa, kuma a kan sirdi. Babban abin kunyar da ya same shi a aiki shi ne ranar da wani dattijon baƙo ya cire haƙoransa na roba ya ajiye a gefen kofi zai goge baki. Hankaka ya sauko ya ɗauke su. Kawu ya bi shi har bayan katanga yana jifa da takalmi, dattijon na tsaye yana faɗa ba a jin me yake cewa. An samo haƙoran bayan kwana biyu a cikin magudanar rufin ɗakin wanki.

Matarsa, wadda muke kira Inna, tela ce. Kekenta na ɗinki yana bakin taga a falonsu, kuma ba ta ɗaga kai daga allura in za ta yi magana. Ita ta fara lura cewa hankakin suna raka shi gida. Da yamma in ya shigo da keke sai ka ga biyu ko uku sun sauka a kan wayar lantarki suna zaginsa, kuma ranar da ta yi shanya ba ta tsira.

“Kowace mace mijinta na dawo mata da tsaraba,” in ji ta. “Ni nawa abokan gaba yake kawo min.”

“Wannan shaida ce ina aiki,” in ji Kawu. “Da ba na taɓa su da ba su san ni ba.”

Yana dab da fara furfura aka sayar da otal ɗin. Sabon mai shi ya zagaya lambun sau ɗaya, ya ji ƙarar gwangwani, ya tambayi ko mene ne wannan. Kafin wata ya ƙare an rufe saman lambun da raga, an kira Kawu ofis an yi masa godiya. Ya kwance igiyarsa ya naɗe ya tafi da ita.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Da asuba yake tashi ya sa riga ya rasa inda zai nufa. Ya kori kajin maƙwabta har maƙwabta suka kawo ƙara. Ya fara gyara wa Inna zare a keke, ta ce in ya sake taɓa mata keke za ta ɗinke masa aljihuna.

Ana cikin haka wata mata ta zo nemansa. Likitar dabbobi ce, ta taɓa sauka a otal ɗin lokacin wani taro, ta yi kwanaki tana kallon yaƙinsa tana yi masa tambayoyi har shayinta na hucewa. Ta ce tana shugabantar wata cibiyar kiwon tsuntsaye a bayan gari, kuma suna neman mutum mai sammako, wanda ba ya ƙyamar wanke kashin tsuntsu, wanda ya saba da hankaki. Ta yi bayani mai tsawo, amma Kawu daga kalmar hankaki bai ƙara jin komai ba. Washegari ya ɗaura igiyar gwangwanayensa a bayan keke, ya soke danƙo a aljihu, ya tafi yana ƙara tun daga bakin titi.

Likita ta tare shi a ƙofa da gudu, yatsa a baki.

“Baba, me za ka yi da waɗannan?”

“Ina suke?” in ji Kawu.

“Ba korarsu za ka yi ba. Reno za ka yi.”

Ta kai shi bayan ginin, inda aka yi wasu manyan kejuna, kowanne ya kai ɗaki da falo, da bishiyoyi a ciki da ɗan kwarmin ruwa. A kan wani reshe ga tsuntsaye biyu a takure. Kawu ya daɗe yana kallonsu. Hankakan da ya sani yana da farin ƙirji, kamar mai kai abinci da ya sa baƙar kwat a kan farar riga, yana tafiya yana taƙama kamar shi ya biya kuɗin wurin. Waɗannan baƙaƙe ne gaba ɗaya, baƙin ma ba mai sheƙi ba, ba su kai wancan girma ba, gashin wuyansu a hargitse kamar an tashe su daga barci.

“Ba su da lafiya ne?”

“Lafiyarsu ƙalau. Haka suke.”

Ta faɗi sunansu na littafi, wanda Kawu bai ko yi ƙoƙarin riƙewa ba. Ta ce dangi ɗaya ne da hankakan gari, amma su a kurmi suke zama, 'ya'yan itatuwa da ƙwari suke ci, ba su iya bola ba. An sare kurmin an yi gonaki, kyanwoyi da ɓeraye sun cinye ƙwayayensu, waɗanda suka rage a duniya ba su fi a zuba su a ɗakin nan a rufe ƙofa ba. Aikin cibiyar shi ne a hayayyafa su a mayar da su ɗan kurmin da ya saura.

“To su ci burodi mana kamar 'yan uwansu,” in ji Kawu.

“Ba sa ci.”

“Shi ya sa suke ƙarewa.”

Daga ranar ya raɗa musu suna 'yan gata, na waje kuma ya koma ce musu 'yan tasha. Kullum da yamma yana da sabon ƙorafi. Ɗan tasha in ka jefa masa sabulu zai ɗanɗana, ɗan gata kuwa sai an feraye masa gwanda, an yanka daidai baki, an auna a sikeli. Ɗan tasha zai yi sheƙa da wayar rataye kaya a kan allon talla ya ƙyanƙyashe 'ya'ya a tsakiyar hayaƙin mota. 'Yar gata sai an zaɓo mata tsinke mai laushi, ta duba ta yar, in ta ga dama ta yi ƙwai, in an yi tari kusa da ita ta fasa kwanciya a kai. Akwai wasu biyu da aka haɗa shekara guda ana jiran su shirya, kowanne ya kama ƙarshen reshe ya juya wa ɗaya baya.

“Waɗannan na gane su,” in ji Inna. “Ka gaishe min da matar.”

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne gwandar. Ta ce tun da ta shigo gidansa ko lemo bai taɓa ɓare mata ba, yau ga shi ya iya yanka gwanda ƙanana-ƙanana har da cire 'ya'ya. Kawu ya ce ai ita ba ta kusa ƙarewa a duniya ba. Ranar bai ci abincin dare da ɗumi ba.

Dokar wurin mai tsanani ce. Ba a so tsuntsayen su saba da mutum, don in sun saba, ranar da aka sake su wurin mutane za su nufa. Saboda haka duk mai shiga keji sai ya sa wata doguwar baƙar riga da hula mai rufe fuska gaba ɗaya, da raga a wajen ido, kuma ba a magana. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe a inji kuwa da wata safar hannu ake ba su abinci, mai siffar kan hankaka, da baki da idanu, don su ɗauka uwarsu ce. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ihu a lambu ya koma yana tafiya da sanɗa, hannunsa a cikin kan hankaka, yana ɗura wa jariran hankaki tsutsa. Da bakin safar ya yage ya kawo wa Inna ta ɗinke. Ta juya ta gaba da baya, ta sa hannu a ciki, ta buɗe bakin ta nufo shi.

“Ashe kai ce uwar,” ta ce.

Bai so a sani ba, amma ya fara sonsu. Akwai wata ƙarama da aka haifa da karkataccen yatsa, wadda ke hawa kafaɗarsa in ya shiga shara ta yi ta jan zaren hularsa. Yakan daɗe a kejinta fiye da yadda shara ke bukata.

Damuwar Likita ɗaya ce, kuma babba. Tsuntsayen ba su san tsoro ba. A keji aka haife su, iyayensu ma haka, ba wanda ya taɓa koya musu kukan da hankaka ke yi in ya ga abin cutarwa. Shiru suke kamar an aiko su gaisuwar rashin lafiya. Wata rana kyanwa ta hau saman keji, maimakon su watse sai suka matso suna leƙen tafin ƙafarta. Likita ta sa musu kukan shaho a lasifika, suka saurara da ladabi suka ci gaba da cin gwanda. Ta sayo shahon roba ta rataye a sanda, ɗaya ya hau kansa ya yi barci.

“In na sake su a haka,” ta ce wa Kawu, “abincin rana na kai wa shaho.”

Su kuwa 'yan tasha, tun da aka rufe lambun otal suka bazu cikin gari neman abin yi, kamar yadda Kawu ya yi. Wata safiya mai zafi ya fito daga keji, ya tsaya a bakin famfo ya cire hular ya wanke fuska. Wani hankaka da ke wucewa ya yi birki a sama, ya dawo, ya sauka a kan tankin ruwa ya ƙare masa kallo. Sai ya buɗe baki. Kafin Kawu ya goge fuska sun cika tankin da katanga, kowa na faɗin abin da ke ransa. Daga ranar suka mayar da abin aiki. Da ya iso da keke za su tare shi da zagi har ya shiga ɗakin canja kaya. In ya fito da baƙar riga da hula sai su yi tsit, suna dube-dube, suna jiran mutumin da ya shiga ya fito.

Kawu ya nemi izinin ɗaura gwangwanayensa. Likita ta hana.

An yi makonni a haka. Ran nan ya makara, ya ratsa ta gefen kejuna da fuskarsa a buɗe don ya yanke hanya. 'Yan tasha suka fara kamar kullum. Sai ya ji wata murya daban daga cikin keji, siririya, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ya waiwaya. Mai karkataccen yatsa ce, ta miƙe wuya, ta tayar da gashi, tana kallonsa ido cikin ido tana zaginsa. Na kusa da ita ya karɓa, sai na gaba, har biyun nan da ba sa ga maciji da juna suka matso reshe ɗaya suka haɗa baki.

Likita ta fito daga ofis ba takalmi, rikoda a hannu. Idonta ya kawo ruwa.

“Baba, kada ka motsa. Don Allah ɗan ƙara matsawa kusa. Ɗaure fuska.”

“Likita, zagina fa suke yi.”

“Na sani. Shekaru nake jiran wannan zagin.”

Sai dai an gyara rabi ne. Tsuntsayen sun koyi tsoro, amma Kawu suke tsoro, kuma babu Kawu a kurmi. Likita ta yi tunani ta fito da dabara. Kowace safiya zai zagaya kejunan fuska a buɗe, ɗauke da shahon roba a kan sanda, wata rana kuma kyanwar tsumma da Inna ta ɗinka, don tsuntsayen su gane cewa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. In ya gama shan zagi sai ya shiga ɗaki ya sa riga da hula, ya fito da gwanda, waɗanda suka gama tsine masa su sauko kafaɗarsa suna lallashi. A hankali aka fara ɗaga shahon ba tare da shi ba, suka ci gaba da ihu. Har aka kawo wani mai kiwon shaho na gaske ya wuce da nasa, kejin ya kusa tashi sama.

Abin ya ci masa rai fiye da yadda ya nuna. Ya taɓa ce min da ƙyar ya ci abinci ranar da ƙaramar nan ta fara zaginsa. Ya ce sau da yawa in tana kan kafaɗarsa yakan ji kamar ya ɗaga hular ya ce mata ni ne dai. Bai taɓa yi ba.

Da lokaci ya yi aka zuba rukunin farko a akwatuna aka kai su kurmi, tafiyar yini guda a mota. Kawu ya raka su sanye da hular rufe fuska, shi ya buɗe ƙofar. Ba su fita da wani kuzari ba. Sun daɗe suna leƙe, sannan ɗaya bayan ɗaya suka shige cikin ganye. Labarin da ya riƙa zuwa bayan nan gauraye ne. An tsinci gashin wasu a ƙasa. Wasu na'urar bin sawu da aka ɗaura musu ta daina magana. Kurmin yana da duhu, tsuntsayen kuma sun koyi ɓuya fiye da yadda aka so, har ma'aikata su yi mako suna yawo da madubin hangen nesa ba su ga ko ɗaya ba. Masu ba cibiyar tallafi suka fara tambaya ko akwai sauran abin da ake tallafawa.

Bayan shekara biyu Likita ta zo gida da kanta, ta gaisa da Inna, ta ce aron mijinta ta zo yi.

“Ɗauki,” in ji Inna. “Ba sai kin yi saurin dawo da shi ba.”

Washegari da hantsi suka isa bakin kurmin. Ba a jin komai sai ƙwari. Likita ta rarraba ma'aikatanta a bayan bishiyoyi, ta ce wa Kawu ya cire hular kansa ya bi 'yar hanyar nan a hankali. Ya yi tafiya mai ɗan nisa yana jin kansa kamar wawa. Har ya fara tunanin juyawa sai muryar nan ta ƙofa mai tsatsa ta fito daga can sama. Wata ta amsa daga hagu. Nan da nan rassan suka cika, suna sauka ƙasa-ƙasa suna bin sa daga bishiya zuwa bishiya, ma'aikata na ƙirga har suna rikicewa. Da yawa daga cikinsu ba su da zoben cibiyar a ƙafa, wato a kurmin aka haife su, ba su taɓa ganinsa ba, iyayensu ne suka ba su labari. Kawu ya tsaya a tsakiya, hula a hannu, yana ɗaga kai yana neman mai karkataccen yatsa. Ya ce ya ga wata da ta yi kama da ita, kuma ta fi kowa ɗaga murya, amma ba zai rantse ba.

Tun daga nan duk shekara ake zuwa ɗaukarsa ƙirga, a gaban mota, har gwiwa ta fara hana shi doguwar tafiya. Likita ta ce ba za ta bar aikin ya tsaya a kan gwiwar mutum ɗaya ba. Ta kawo wani mai sassaƙa ya shafa wa Kawu wani farin abu a fuska, ya bar masa kara biyu a hanci don numfashi, ya zuba masa fuskar roba sak tasa, har da tabon da ke gefen gira. Da aka kawo ta gida a gwada, Inna ta riƙe ta kusa da ta gaske, ta duba wannan ta duba waccan, ta tambaya ko za a iya bar mata ta robar a tafi da ɗayar.

Wani dogon ma'aikaci ne ke sa ta yanzu. An ce tana aiki, tsuntsayen na fitowa. Kawu yakan kira shi a waya bayan kowace ƙirga ya tambayi yadda aka yi, ya saurara, ya yi tsaki.

“Ba haka ake tafiyar ba,” yakan ce. “Kai sauri kake yi. Ka tsaya su gama maganarsu.”